Akwatin da Baba Bawul Ya Rage wa Murya

Mijin yayata mai gyaran rediyo ne. Duk layinmu Baba Bawul ake kiransa, saboda a cikin masu gyara shi kaɗai ya rage wanda ya san kan bawul, waɗannan 'yan kwalaben masu kama da ƙwan fitila da ke cikin rediyoyin dā, waɗanda sai sun yi ja sun ɗau ɗumi kafin murya ta fito. Ni kuwa Rediyo yake kirana. Ya ce duk tsawon aikinsa ni ce kaɗai rediyon da ya nemi maɓallin rage mata murya ya rasa. Nakan ce masa laifin mai gyara ne, tunda a gidansa aka haɗa ni.

Gaskiya ne kuwa, a hannunsu na girma. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, Yaya ta ɗauko ni ta kawo ni ɗakin aurenta. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ni ce 'ya, ni ce ƙanwa, ni ce kuma abokiyar faɗa. Har na yi aure, na koyi ɗinki, na buɗe shagona, ban taɓa yin nisan da zai hana ni leƙa su kullum ba.

Yaya a ofishin tarho ta yi aiki, lokacin da sai an haɗa maka waya da hannu kafin ka samu wanda kake nema. Shi ya sa mijinta yake kiranta Halo. Ita kuwa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wannan mutumin". Kunne gare ta kamar me. In ka kira sau ɗaya, ko bayan shekara ka sake kira sai ta gane ka, ta kuma tambaye ka ya tarin da kake yi wancan karon.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Tebur ɗaya, kujera ɗaya wadda ya ɗaure ƙafarta da waya, sai kantoci har rufi cike da rediyoyin da masu su suka manta da su. Warin dalma da ƙura mai ɗumi ba ya barin wurin. In yana aiki a cikin abin da ke da wuta, hannu ɗaya yake sa wa, ɗayan yana bayansa. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne. Maigidansa ne ya koya masa haka tun yana koyon aiki, domin waɗannan akwatunan ko an kashe su sukan riƙe wuta a ciki, in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta kan zuciya za ta bi. Abin ya bi jikinsa har ko shayi zai zuba sai ka ga hannun hagu ya koma baya.

Ranakun hutu kuma jita yake kaɗawa. Da ƙuruciyarsa yana cikin wasu makaɗa da ke wasa a wani otal, kuma wurin tsayuwarsa kullum gefen lasifika ne, wai don in wani abu ya lalace ya gyara nan take. Shekaru ya yi yana tsayawa a nan, kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya rage kaɗan. Bai taɓa yarda ba. A wurinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Muryarsa kuwa ta yi ta hawa, har ya zama in ya gaishe ka daga bakin ƙofa, maƙwabta ne ke fara amsawa.

Da makaɗan suka watse, aiki kuma ya koma gyaran fanka da dutsen guga tunda rediyon yanzu in ya lalace jefarwa ake yi, sai ya ce zai haɗa wa kansa amfilifaya, wato akwatin da ake jona wa jita don muryarta ta fito. Ba zai saya ba, da hannunsa zai yi, kuma na bawul. Yana da wasu manya guda huɗu da ya ciro daga injin wata silima da aka rufe, ya naɗe su cikin tsofaffin safa ya ajiye a kwalin ƙwai. Katakon jikin akwatin daga ƙofar tsohon kabad ɗin Yaya ya yanko, ba tare da ya tambaye ta ba. Ƙyallen gaba kuwa ni ya zo ya tsaya wa a shago har na ba shi ragowar labulen wata mata.

Abin da ya fi cin ransa 'yar taransifomar cikin akwatin ce. Shi ya naɗa ta da kansa. Ya ɗaure injin huda na hannu a bakin tebur, yana juyawa wayar tagulla siririya tana hawa, yana ƙirga zagaye a bakinsa. In ka yi masa magana ya ɓata ƙirga, sai ya warware duka ya faro. Ni kaɗai na sa shi ya warware ya fi a ƙirga, ba kuma duka ne bisa kuskure ba.

Ranar da ya gama, ya kinkimo akwatin gida ya ajiye a tsakar gida ya kunna. Ƙarfinsa wat hamsin ne, in ji shi, yana faɗa kamar mai sanar da haihuwa. Da ya fara a hankali, muryar ta fito tas, babu laifi, amma babu abin da zai sa ka ajiye abin da kake yi. Sai ya murɗa maɓallin har ƙarshe. Kwanukan da ke kife a kan randa suka hau rawa. Muryar ta dishe, ta yi kauri, in ya danna tsirkiya ya riƙe sai ta ja dogo kamar ta mutumin da ya kusa yin kuka yana dannewa. Ni na toshe kunne. Yaya tana shanya, ta tsaya da rigar a hannu har ruwan ya jiƙa mata zane.

"Yanzu ya faɗi gaskiya," in ji ta.

Daga baya ya yi mini bayani, da ihu kamar kullum. Bawul ba ya ba da wannan muryar sai an matsa masa ya kai iyakar ƙarfinsa. In ka rage, ya huta, sai ya koma mai ladabi. Su biyun suka sa wa muryar suna, suna ce mata kukan. Shekaru aka yi a haka. Duk yammacin ranar hutu shi yana kiɗa, ita tana wanki ko tsintar shinkafa, in ya yi kuskure ta ɗaga kai ta harare shi. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji, wasu ma suka koma fito da kujeru.

Sai hawan jini ya kayar da Yaya. Ɓarin dama ya shanye. Allah ya sa hankalinta bai taɓu ba, maganarta ma ta dawo, amma ta dawo siririya, sai ka sunkuya kake ji. Abin da ya fi wannan muni, kunnen nan nata ya juya mata baya. Ƙara ko yaya take sai ta zame mata azaba. Cokali ya faɗi a kan siminti, sai ka ga ta runtse ido jikinta yana ɓari. Likita ya ce yakan faru, a dai kiyaye.

Ranar da aka dawo da ita gida, Baba Bawul ya shiga ɗaki da murnarsa ya ce, "Halo, sannu da zuwa." Shi a ganinsa a hankali ya faɗa. Yaya ta dafe kai da hannunta mai lafiya, hawaye suka zubo. Ta motsa baki tana ce masa ba komai, shi kuma bai ji ba, ya matso ya ce, "Me kika ce?" da ƙarfin da ya fi na farko. Ni na ja shi waje.

Tun daga nan bai ƙara shiga ɗakin ba. Ya mayar da shimfiɗarsa falo. Da safe yakan tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa, shi ke nan. Na dawo gidan da kwana, na kawo keken ɗinkina na ajiye ban taɓa shi ba saboda ƙara, na koma aikin hannu. Kuma na zama 'yar aike. Yaya ta raɗa mini, in fita in ja shi can bakin zaure in faɗa masa a kunnen hagu, ya ba ni amsa, in dawo in raɗa mata. Ya ci abinci? Ya ci. Ta yi barci? Ta yi. Mutanen da suka tsufa tare suna hira, hirarsu ta koma wannan. Akwai maganar da ba a ba ɗan aike, ko da ƙanwa ce, kuma ina ganin irinta a idonsu kullum. Abin yana ci mini rai, ban san yadda zan yi ba.

Akwatin kuwa ya rufe shi da bargo ya tura bayan kujera.

Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Wannan mutumin ya daina kiɗa ne?"

"Ya daina mana. So kike ya kashe ki?"

"Gidan ya yi shiru da yawa. Ki ce masa ina so in ji."

Na faɗa masa a zaure. Da yamma ya jawo akwatin tsakar gida, na buɗe ƙofar ɗakin, na tsaya a kansa ina nuna masa ya rage, ya rage, har maɓallin ya kusa komawa farko. Ya kaɗa. Na shiga na tarar da Yaya tana kallon rufi.

"Ya yi?" na tambaye ta.

"Wa ya ari jitarsa?" in ji ta. "Wannan ba shi ba ne. Kukan nake so."

Na koma zaure na isar da saƙo, na ƙara da nawa. Na ce ku biyun dai Allah ya haɗa, ita tana son abin da zai fasa mata kai, kai kuma ba ka iya komai a hankali ba. Bai kula ni ba. Ya ce ba maɓalli za a rage ba, ƙarfin akwatin ne gaba ɗaya za a rage, yadda ko an matsa masa har iyaka ba zai iya ihu ba. Na ga idonsa ya yi haske, rabon da in ga haka tun kafin ta kwanta.

Washegari na fita kai wa wata mata ɗinkinta. Da nake dawowa, tun daga bakin layi na jiyo shi. Na cire takalma na riƙe a hannu na zuba da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Na same shi a tsakar gida, ido a rufe, yana murmushi, bawul biyu a ajiye gefe cikin safarsu. Na wuce shi na faɗa ɗaki. Yaya ta danna kanta cikin matashi, zufa ta jiƙe ta sharkaf, ta yi amai a gefen gado. Na juya zan fita, ta kama bakin zanena.

"Bar shi ya ƙarasa," ta ce.

Ban bar shi ba. Na fizge wayar daga soket. Na ja shi har waje, ƙofar gida, na wanke shi tas. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce shi kurma ne, duk duniya ta sani sai shi. Na ce in ya gaji da jinya ya faɗa, ba sai ya ƙarasa ta da jita ba. Mai shagon da ke kallonmu ya shige ciki ya ba mu wuri.

"Rabi na cire," in ji shi. "Biyu cikin huɗu. Na saurara, ya yi ƙasa sosai."

"Daga bakin layi na ji shi."

"Daga bakin layi?"

"Har gaban mai facin taya."

Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu, wanda yake taƙama da shi. Sai ya ce, "Ke nan ba na ji." Bai faɗa da sigar tambaya ba. Na bar sauran maganar da na tanada, na koma wurin Yaya.

Yaya ta kwana biyu ba ta iya buɗe ido. Shi kuwa ko bakin ƙofar bai zo ba, da asuba yake fita shago. Da ta samu sauƙi abin da ta fara tambaya shi ne ko na yi masa faɗa. Na ce kaɗan. Ta ce ta san kaɗan ɗina.

Ana nan sai ga shi ya same ni a zaure ya ce, "Rediyo, ara mini kunnenki."

Haka muka fara. Da rana in Yaya ta yi barci, maƙwabciyarmu ta zauna da ita, ni kuma in tafi shagonsa da ɗinkin hannuna. Ya ja ƙofa, ya ba ni kujerar nan mai ɗaurarriyar ƙafa, ya ajiye akwatin daidai nisan da ke tsakanin gadon Yaya da ƙofa. Sharaɗin shi ne, in muryar ta wuce yadda nake yi wa Yaya magana, in ɗaga hannu. Ya ce shi ma ya san kunne ba ya lissafi irin na awo, in ka raba ƙarfi biyu da ƙyar yake lura, amma ya bi abin da kunnensa ya gaya masa ya bar abin da ya sani.

Ya canza yadda ya jona bawul biyun da suka rage, ya kunna, na ɗaga hannu. Ya rage wutar da ke shiga musu, na ɗaga hannu. Ya samo wasu 'yan dunƙule farare kamar alli, rasista ake ce musu, aikinsu su shanye ƙarfi su mayar da shi zafi kafin ya kai ga lasifika. Ya jera su cikin gwangwanin biskit ya huda masa ramuka. Wannan karon ban ɗaga hannu ba, ya yi tsalle kamar yaro. Amma na ce masa gaskiya, muryar ta zama kamar an tura akwatin ƙarƙashin katifa, kukan ya toshe, kuma gwangwanin ya yi zafin da za a iya soya ƙwai a kai. Ya ce ni ban san kiɗa ba. Na ce ban sani ba, amma na san Yaya. Ya cire gwangwanin.

Kullum haka, hannuna ya gaji da ɗagawa, shi kuma ya rame. Fankokin mutane suka taru a ƙofar shago bai taɓa ko ɗaya ba. Wani lokaci yakan tsaya da ƙarfen soda a hannu, ɗaya hannun a baya, yana kallon cikin akwatin har dalmar ta ɗiga a tebur. Na san abin da yake kallo. Taransifomar nan ce da ya naɗa da hannunsa, an yi ta ne don manyan bawul, kuma muddin tana ciki akwatin ba zai iya zama ƙarami ba.

Wata rana na zo na tarar ya cire ta. Tana kan wata kanta tsakanin matattun rediyoyi, ya rufe ta da hankici. Sauran bawul biyun sun koma cikin safa. A madadinsu ya sa wani ɗan ƙarami da bai fi ɗan yatsana ba, wanda ya ciro daga wani tsohon rediyon tebur, da 'yar taransifomarsa, da lasifikarsa mai faɗin bakin kofi. Akwatin ya zama kusan fanko, sai wannan ɗan abin a tsakiya. Ko wat ɗaya bai kai ba, in ji shi, bai kuma kalle ni ba da yake faɗa.

Ya kunna, muka jira ya yi ja. Ya murɗa maɓallin har ƙarshe, ya danna tsirkiya ya riƙe.

Na ajiye allurata. Shi ne. Dishewar nan, kaurin nan, jan nan mai kama da na wanda ke danne kuka, duk suna nan, amma ƙasa-ƙasa, yadda da mai aski zai kunna injinsa a maƙwabta da ya rufe shi. Na buɗe baki zan yi magana sai na ga ya ajiye jitar yana tsaki. Ya leƙa bayan akwatin, ya girgiza waya, ya ciro ta ya hura ya mayar.

"Ya mutu," in ji shi. "Wani wuri bai kama ba."

Na matsa kusa da kunnensa. "Bai mutu ba. Yana yi."

"Yana me?"

"Yana yi, na ce. Ina jinsa."

Ya kalle ni kamar ina tsokanarsa, don ya san halina. Ya ɗauko mitarsa ta awon wuta ya jona a wayoyin lasifikar, ya ce in ja tsirkiya. Na ja. Allurar mitar ta motsa. Na sake ja, ta sake motsawa. Ya zauna a kan tebur, wurin da bai taɓa barin kowa ya zauna ba.

"Da kukan?" ya tambaya.

"Da kukan."

"Kuma ba ki ɗaga hannu ba."

"Ban ɗaga ba."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Na ce ko za a ƙara kaɗan, yadda shi ma zai ɗan ji. Ya ce a'a, in har ya ji to ya yi mata yawa, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ya gane tun farko. Sai ya ce in juya baya zai gyara wandonsa. Na juya ina kallon ƙofa, na ba shi lokaci mai tsawo, don na san ba wando yake gyarawa ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin tsokana, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Washegari da yamma muka kawo akwatin gida. Yanzu da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. A zaure na kafa masa doka: ba gaisuwa, ba tari, ba gyaran murya, in yana da magana ya haɗiye. Ya ce to. Ya cire takalmansa tun daga tsakar gida. A bakin ƙofar ya tsaya, sai da na tura shi ta baya.

Na riga na tayar da Yaya zaune, na jingina ta da matasai. Ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau, wai ba don kowa ba, kanta ne ke jin sanyi. Ya zauna a 'yar kujera kusa da gado, ya kunna, ɗan bawul ɗin ya fara ja. Suna kallon juna.

Ya ja tsirkiya ta farko don ya daidaita ta, sai ya tsaya. A shago bai damu da wannan ba, ƙara kawai muke aunawa. Yanzu ga shi da jita a cinya, ba ya jin ko ta hau ko ta sauka. Ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa me na sani? Sai na ga Yaya ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta nuna sama da yatsa. Ya murɗa maɗaurin tsirkiyar kaɗan ya sake ja. Ta sake nuna sama. Ya ƙara. Ta shimfiɗa tafin hannu, wato ya isa. Ya koma ta biyu, ta nuna ƙasa. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya har shida. A ta huɗu ya yi gaggawa ya wuce wuri, ta harare shi, ya sunkuyar da kai yana dariya marar sauti.

Sannan ya fara. Wani tsohon kiɗa ne mai tafiya a hankali, wanda yakan rufe da shi a tsakar gida in rana ta kusa faɗuwa. Da, ido a rufe yake kiɗa. Yau idonsa yana kan fuskarta, don nan ne kaɗai zai san abin da ke fitowa. Ni ina tsaye kusa da soket, hannuna a kan waya, ina jiran in ga ta yamutsa fuska. Ba ta yamutsa ba. Ta lumshe ido, yatsunta suna bugun bargo a hankali, shi kuma yana bin bugun. Ya yi kuskure wuri biyu ko uku, ni ma na ji. Da ya kai inda yake danna tsirkiya ya riƙe, muryar ta ja ta dishe, hawaye suka gangaro mata. Ya tsaya cak, a tsorace, ya kai hannu zai kashe. Ta girgiza kai, ta juya yatsa alamar ya ci gaba. Ya ci gaba har ƙarshe.

Da ya gama ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. Yaya ta motsa baki. Na saki wayar na matso, kamar yadda na saba, don in karɓi saƙo in kai zaure. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ko kallona ba ta yi ba. Shi ta yafito. Ya ajiye jitar, ya durƙusa a gefen gado. Ta kama kunnensa na hagu da yatsu biyu, ta jawo shi har ya taɓa leɓenta, ta yi magana a ciki. Ta daɗe tana yi. Na ga kafaɗunsa suna rawa, na ga ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya ji.

Na tsaya kamar wadda aka dasa. Daɗi ya cika ni, da ɗan kishi kuma, ba zan ɓoye ba, don na saba komai sai ya bi ta bakina. Na ɗauki kofin da ke kan tebur kamar shi na zo ɗauka, na fita na jawo musu ƙofa a hankali. Na zauna a tsakar gida ina jiran a kira ni. Har aka yi magariba babu wanda ya neme ni, kuma har yau ban san abin da ta ce masa ba.